Nazarin lamari: Baƙar mace a kan kujerar shugabancin 'yan sandan Memphis, 2021 zuwa 2025

Wace ce, kuma wane gari ne

Matar da wannan nazari yake bi baƙar fata ce 'yar Amurka, ta haura shekara 35 cikin kakin ɗan sanda, kuma ita ce mace ta farko da ta taɓa riƙe rundunar 'yan sandan birnin Memphis a jihar Tennessee. Shugabar kawai za mu riƙa ce mata.

Tsarinsu can ba irin namu ba ne da Sufeto Janar ɗaya yake zaune Abuja yana tura kwamishinoni jihohi. A Amurka kusan kowane gari da tasa rundunar, gaba ɗaya sun kai wajen 18,000, a garuruwa da yawa, har da Memphis, magajin gari ne yake zaɓo shugaba, kansiloli su tantance su amince, albashi kuma daga asusun birnin yake fita. Don haka in aka yi kisa a unguwa babu zancen a jira umarni daga sama, mutane sun san ofishin da za su je su yi ihu, kuma sun san wanda za su kayar a zaɓe.

Memphis na bakin kogin Mississippi, mutanenta kimanin 630,000 ne, kusan biyu bisa uku baƙaƙe, talauci ya yi mata katutu duk da nan ne hedikwatar kamfanin aika kaya na FedEx. A nan aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilun 1968 lokacin da ya zo mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu. Gari ne da tsakanin baƙar fata da ɗan sanda akwai tsohon tarihi, ba jiya aka fara ba.

Atlanta da Durham, 1986 zuwa 2021

A Atlanta ta fara aiki a 1986 tana ƙaramar 'yar sanda mai sintiri, ta yi ta hawa har ta kai mataimakiyar shugaba. Abu biyu ne daga wancan zamanin suka biyo ta har Memphis.

Na farko, wajen 2006 zuwa 2007 tana cikin manyan da ke kula da wata runduna ta musamman da ake kira Red Dog, wadda aikinta shi ne dirar wa unguwannin da ake sayar da ƙwaya. Mutanen unguwannin sun sha kuka da su, wai sai su tsayar da kai a titi su kwantar da kai ƙasa su laluba ka har cikin wando. A 2009 rundunar ta kai samame wani gidan rawa ta kwantar da kowa a ƙasa babu takardar kotu, birnin ya biya diyyar sama da dala miliyan ɗaya, a 2011 aka rushe ta.

Na biyu, a 2008 an taɓa korar ta daga aiki. Zargin shi ne ta sa an yi sako-sako da binciken mijin wata saje da aka samu da hotunan batsa na ƙananan yara. Ta musanta, ta ɗaukaka ƙara gaban hukumar kula da ma'aikatan birnin, hukumar ta soke korar aka mayar da ita, daga baya ma aka ƙara mata girma.

A 2016 ta bar Atlanta ta zama shugabar 'yan sandan Durham a jihar North Carolina. A nan sunanta ya fito a matsayin mai son gyara. Ta shugabanci ƙungiyar manyan jami'an tsaro baƙar fata ta ƙasar, kuma a watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar kisan George Floyd, ta zauna gaban kwamitin majalisar dattawa tana cewa dole a sauya yadda ake aikin ɗan sanda a ƙasar. Wannan suna ne ya sa magajin garin Memphis na lokacin, Jim Strickland, ya ɗauko ta a 2021.

Abin da ta tarar a watan Yunin 2021

Ta tarar da gari ana ta kisa. A 2020 an kashe mutum 332, wanda ba a taɓa gani ba a tarihin birnin, 2021 kuwa da ta shigo a tsakiyarta sai da aka kai 346.

Ta kuma tarar da runduna da ta rame. A 2011 suna da jami'ai kusan 2,400, sai a 2014 birnin ya taɓa musu fansho da inshorar lafiya saboda rashin kuɗi, ƙwararru suka yi ta ajiye aiki suna komawa wasu garuruwa, lokacin da ta zo adadin na wajen 2,000 ko ƙasa da haka. Don a cike gurbi, tun kafin zuwanta an sassauta sharuɗɗan ɗaukar kurata, har sharaɗin karatun kwaleji an rage masa ƙarfi. Abin da wannan ya haifar shi ne matasa da yawa a titi, dattawan da za su tsawata musu kaɗan.

Ga kuma bindiga. Tun 2014 dokar Tennessee ta yarda mutum ya ajiye bindiga cikin motarsa babu lasisi, ranar 1 ga Yulin 2021, wato sati biyu da kama aikinta, wata sabuwar doka ta fara aiki wadda ta ba manya damar yawo da ƙaramar bindiga babu lasisi kwata-kwata. Wannan ba hurumin birni ba ne, majalisar jiha ce da ke Nashville take yi, ɗan sandan Memphis sai dai ya kwashe gawa. Ɓarayi suka gane mota ita ce rumbun bindiga, suna fasa gilashi suna ɗauka, dubbai a shekara.

Nuwamba 2021: maganin farko

Wata biyar da zuwanta ta ƙaddamar da runduna ta musamman mai suna SCORPION, jami'ai kusan 40 da aka raba ƙungiya-ƙungiya. Dabarar ba sabuwa ba ce. A duba taswira a ga inda aka fi harbe-harbe da satar mota, a tura su can cikin motoci marasa tambari, sanye da baƙaƙen riguna masu hula da sulke, su riƙa tsayar da motoci kan ƙananan laifuka kamar fitilar baya da ta mutu ko lamba da ta ƙare ko gilashi mai duhu, daga nan su laluba, da fatan cikin goma a samu ɗaya da bindiga ko ƙwaya ko wanda kotu ke nema.

A watan ne aka harbe wani fitaccen mawaƙin garin da rana tsaka a shagon sayar da biskit, hankalin kowa ya tashi, don haka ba wanda ya tsaya tambayar yadda rundunar za ta yi aiki, kowa so yake a ga an yi wani abu. Kuma fa masu neman a ƙaro 'yan sanda da yawansu baƙaƙen unguwannin ne, su ake kashe wa 'ya'ya. Wanda ya tuna Oktoban 2020 a Najeriya, lokacin da matasa a Legas da wasu garuruwa ke neman a rushe SARS gwamnonin Arewa kuma suna cewa su a wajensu tana da amfani, zai gane irin wannan rabuwar kai.

A Janairun 2022 magajin gari ya tashi a jawabinsa na shekara yana yabon rundunar da alƙaluma: kame 566, daga ciki 390 manyan laifuka, an ƙwace dala 103,000, motoci 270, makamai 253, duk cikin wata uku. Ma'aunin nasara kenan da aka sa mata, yawan kame da yawan abin da aka ƙwace. A cikin watan nan ne kuma aka sace bindigar aiki ta ita Shugabar daga cikin mota a bakin wani kanti, tana cikin akwatinta mai makulli ɓarawon ya ɗauke har akwatin, jaridun garin suka samu abin yi.

2022: sauƙi kaɗan, sai mako guda na tashin hankali

Kisa ya ɗan sauko a 2022 zuwa 302, aka fara cewa dabarar na ci. Sai Satumba ta zo. Ranar 2 ga wata aka sace wata malamar makaranta tana gudun motsa jiki da asuba, bayan kwana uku aka tsinci gawarta, daga baya aka gano wanda ya kashe ta shi ne ake zargi da yi wa wata mata fyaɗe, kuma tun 2021 matar ta kai ƙara, amma samfurin da aka ɗauka a jikinta ya yi wata da watanni a ɗakin gwaje-gwajen jiha ba a duba ba. Ranar 7 ga wata kuma wani matashi ya yi ta zagaya gari yana harbin mutane yana nunawa kai tsaye a Facebook, aka ce kowa ya kulle ƙofa har dare. Bayan wannan makon duk wanda zai ce a ja wa SCORPION linzami sai a ga kamar bai san abin da ake ciki ba, duk da cewa tuni matasa a unguwanni suke ba da labarin dukan da suke sha a hannunsu.

Daren 7 ga Janairun 2023

Da misalin ƙarfe 8:24 na dare 'yan rundunar suka tare wata mota a mahaɗar titin Raines da Ross. Direban Tyre Nichols ne, ɗan shekara 29, ma'aikacin FedEx, yana da ɗa ɗan shekara huɗu, gida zai koma wajen mahaifiyarsa. Sun ce tuƙin ganganci yake yi. Kyamarar da ke jikin ɗayansu ta nuna ba su tambaye shi lasisi ba, ba su gaya masa laifinsa ba, fizgo shi kawai suka yi daga mota suna zagi, yana cewa bai yi komai ba, gida kawai zai tafi. Wannan na cewa kwanta alhali yana ƙasa, wancan na cewa miƙo hannu alhali wani ya riƙe hannun, wata jarida da ta ƙirga ta samu umarni 71 cikin minti 13, da yawa ba za su yiwu a bi su tare ba. Suka fesa masa barkono a ido, ya kufce ya ruga, suka harba masa bindigar shokin.

Bayan 'yan mintuna suka cim masa a wani lungu, taku kaɗan da gidan mahaifiyarsa. A nan aka yi kusan minti uku ana dukansa, ƙafa a ka, kulki a baya, biyu sun riƙe masa hannuwa ɗaya yana naushin fuska, shi kuwa yana ta kiran mamarsa. Da suka gama suka sa masa ankwa suka jingina shi da mota, yana sulalewa ƙasa suna tayar da shi, suna tsaye suna hira suna mayar da numfashi, ɗaya ma ya ciro waya ya ɗauki hotonsa ya tura wa mutane. Ma'aikatan agajin gaggawa na 'yan kwana-kwana sun iso, amma sun yi minti 19 ba su yi masa abin kirki ba. Babu wani babba a wurin lokacin da ake dukan, laftanar da ke kula da su sai da aka gama ya iso.

Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne kyamarar rundunar da ke saman falwaya a lungun, wadda ta ɗauki komai daga sama, babu sauti amma babu abin da ya ɓoyu. Nichols ya rasu a asibiti ranar 10 ga wata, binciken likitoci ya ce dukan da aka yi masa a ka ne. Su biyar ɗin da suka yi dukan duk baƙaƙe ne, shekarunsu tsakanin 24 da 32, an ɗauke su aiki tsakanin 2017 da 2020, wato duk kafin zuwanta, amma a zamaninta aka sa su cikin runduna ta musamman.

Sati uku: 8 zuwa 28 ga Janairu

Sanarwar farko da rundunar ta fitar washegari irin wadda aka saba ce, wai an yi arangama sau biyu, wai wanda ake zargi ya yi ƙorafin numfashinsa na sarƙewa aka kai shi asibiti. Iyalan ne suka fito da hotonsa a gadon asibiti, fuska ta kumbura ba ka gane shi, suka tsaya da shi a bakin caji ofis.

Daga nan abubuwa suka tafi da saurin da ba a saba gani ba a Amurka. Babban mai gabatar da ƙara na yankin, Steve Mulroy, wanda bai cika wata biyar a ofis ba, ya kira hukumar bincike ta jiha ta karɓi lamarin don kada runduna ta binciki kanta. Ranar 20 ga wata Shugabar ta kori su biyar. Ranar 25 ta fito a bidiyo ta ce abin da aka yi mugunta ce da ganganci da rashin imani. Ranar 26 aka gurfanar da su kan kisa. An fara nuna wa iyalan bidiyon su kaɗai, sannan ranar Juma'a 27 da yamma, bayan an tashi daga makarantu da wuraren aiki, aka sake shi ga duniya. A ranar ta faɗa a talabijin cewa sun duba duk kyamarori ba su ga shaidar tuƙin gangancin ba.

An yi tsammanin gari zai kama da wuta. Masu zanga-zanga sun tare gadar babbar hanya ta 55 da ke kan kogin na wasu sa'o'i, suka watse lafiya, ba a ƙona komai ba. Mahaifiyarsa da kanta ta roƙi a yi cikin lumana, lauyan iyalan ya ce saurin da aka yi ya kamata ya zama abin koyi ga sauran garuruwa.

Inda Shugabar ta yi tuntuɓe a makon shi ne kan ita SCORPION. Ranar 27 ta ce ba za a rushe runduna guda don laifin mutum kaɗan ba, suna aiki mai kyau. Ranar 28 ta rushe ta gaba ɗaya. An kori jami'i na shida, farar fata, wanda ya harba shokin a tsayarwar farko, an kori ma'aikatan kwana-kwana uku, laftanar ɗin kuwa ya yi ritaya ana gobe za a zauna kan batunsa, ya tafi da haƙƙoƙinsa. Ranar 1 ga Fabrairu aka yi jana'iza, mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ta halarta.

Sauran 2023: shekara mafi muni

Kansiloli suka zartar da dokoki a watannin Maris da Afrilu, mafi girma ita ce wadda ta hana tsayar da mota kan ƙananan abubuwa kamar fitila ɗaya da ta mutu ko bamba da ta saki, akwai kuma wadda ta taƙaita amfani da motoci marasa tambari wajen tsayar da direba. A Afrilu iyalan suka shigar da ƙarar neman diyyar dala miliyan 550, da sunan birnin da nata a ciki, kuɗin da ya haura rabin kasafin birnin na shekara, kuma lauyoyinsu sun kawo zancen Red Dog ƙarara. Ranar 27 ga Yuli ma'aikatar shari'a ta tarayya ta buɗe bincike kan rundunar baki ɗaya.

A titi kuwa abin ya ci tura. An kashe mutum 398 a shekarar, sabon tarihi, motocin da aka sace sun haura dubu goma, yawanci ƙirar Kia da Hyundai da yara suka koyi tayar da su babu makulli daga bidiyoyin intanet. Sai ta zama tana shan suka ta gaba da baya, masu fafutuka na cewa ita ta kawo rundunar da ta yi kisa, 'yan kasuwa da 'yan majalisar jiha na cewa tun da aka rushe rundunar aka ɗaure wa 'yan sanda hannu. A ƙarshen Disamba, magajin gari yana shirin sauka, sai ya rubuto wasiƙa ya ce dokokin nan na kansiloli bai taɓa aiwatar da su ba don a ganinsa sun saɓa wa kundin birnin.

2024: riƙon ƙwarya

Sabon magajin gari Paul Young ya hau ranar 1 ga Janairu ya sake miƙa sunanta. Ranar 9 ga wata kansiloli suka yi ƙuri'ar gwaji, bakwai suka ƙi shida suka yarda, babban abin da ya fusata su shi ne maganar dokokin da aka ce musu ana bi ashe ba a bi. Da ya ga za a kayar da ita, ranar 23 ga wata sai ya nemi a jingine ƙuri'ar, ya bar ta a matsayin riƙon ƙwarya, ya ce a ba ta lokaci a ga abin da alƙaluma za su nuna. Ta yarda ta zauna a haka shekara guda cur.

A Maris majalisar jiha ta yi doka da ta hana kowane birni taƙaita wa 'yan sanda tsayar da mota, gwamna Bill Lee ya sa hannu duk da roƙon da iyayen mamacin suka je Nashville suka yi. Dokar kansiloli ta hana tsayar da mota, wadda aka sa wa sunan ɗansu, ta mutu kenan.

Amma laifuka sun sauko. Kisa ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, satar mota ma ta ragu sosai. A kotun tarayya biyu daga cikin biyar ɗin sun amsa laifi suka ba da shaida a kan abokansu, ranar 3 ga Oktoba aka samu sauran ukun da laifin ƙoƙarin rufa-rufa, ɗaya kuma da laifin tauye haƙƙi ta hanyar ji wa mutum rauni, amma ba a same su da laifi mafi girma na haddasa mutuwa ba.

Ranar 4 ga Disamba rahoton ma'aikatar shari'a ya fito, kuma bai yi daɗi ba. Ya ce rundunar na amfani da ƙarfi fiye da kima, tana tsayar da mutane da kama su ba bisa ƙa'ida ba, tana nuna wa baƙaƙe bambanci, tana wulaƙanta masu taɓin hankali, kuma ya ɗora alhakin da yawa kan dabarar cika unguwa da tsayar da motoci babu isasshen sa ido daga manya. Wato matsalar ta wuce mutum biyar, ta wuce SCORPION. Birnin ya ƙi sa hannu kan yarjejeniyar da za ta sa kotu ta riƙa sa masa ido, ya ce tsada za ta yi, zai gyara da kansa.

2025: inda aka kwana

A Janairu kansiloli suka tabbatar da ita a kan kujera, riƙon ƙwarya ya ƙare. Ranar 7 ga Mayu, a shari'ar jiha, masu taimaka wa alƙali da aka ɗauko daga yankin Chattanooga suka wanke mutum ukun daga dukkan tuhuma har da ta kisa. Ranar 21 ga Mayu ma'aikatar shari'a, yanzu ƙarƙashin gwamnatin Trump, ta janye rahotonta na Disamba. A ƙarshen Agusta wata alƙaliya ta soke hukuncin tarayya kan su ukun ta ce a sake shari'a, saboda alƙalin farko ya furta wasu kalamai game da 'yan daba a cikin rundunar bayan an harbi wani ma'aikacinsa. Rundunar ta ce laifuka a wata takwas na farkon shekarar sun sauko matakin da ba a gani ba cikin shekara 25, duk da haka ranar 15 ga Satumba Trump ya sa hannu kan tura jami'an tarayya da dakarun National Guard, wato sojojin ko-ta-kwana, zuwa garin, a Oktoba dakarun suka fara sintiri.

Me ya ci, me ya faɗi

Abin da ya faɗi a fili yake, kuma a ganina nata ne. Rundunar da ake auna ta da yawan kame, aka cika ta da yara masu shekara biyu zuwa biyar a aiki, aka cire musu kaki da tambari, ba a ba su isassun manya da za su riƙa bin su ba, abin da za ta haifa kenan ko ba daɗe ko ba jima. Wani zai iya cewa bai sani ba, ita kam ta ga ƙarshen Red Dog da idonta. Gaskiya ne ba ita ta rage fansho ba, ba ita ta sassauta ɗaukar kurata ba, ba ita ta yi dokar bindiga ba, amma duk waɗannan dalilai ne na ta ƙara taka-tsantsan wajen zaɓen wanda za ta ba wannan aiki, kuma ita da bakinta ta yarda daga baya cewa suna da ƙarancin masu sa ido.

Abin da ya ci shi ne sati ukun nan na Janairu, shi ma ba ita kaɗai ba ce. Kyamarar falwaya ta toshe ƙofar ƙarya, mai gabatar da ƙara sabo ne da bai saba da kowa ba, iyalan sun ƙi yin shiru. Nata rabon shi ne ba ta tsaya kare kaki ba, ta kori mutanenta cikin kwana 13, an tuhume su kafin a saki bidiyo, don haka ranar da mutane suka ga abin tuni akwai waɗanda ke hannu, kuma ina ganin wannan jerin ne ya hana garin ƙonewa. Akwai masu cewa da jami'an farare ne da ba a yi wannan saurin ba, maganar tana da nauyi, don na shidan da yake fari sai bayan sati biyu aka kore shi kuma ba a tuhume shi ba, ko da yake shi bai je wurin dukan ba.

Kujerarta kuwa dabarar magajin gari ce ta cece ta, da haƙurin da ta yi ta zauna riƙon ƙwarya maimakon ta yi fushi ta ajiye, sai kuma sa'a, don kisa ya sauko a yawancin manyan biranen Amurka a 2024, da masu runduna ta musamman da marasa ita. Kansilolin da suka ƙi ta a 2024 kan rashin bin dokokinsu sun amince da ita a 2025 kan alƙaluman laifi, wata ɗaya da rabi bayan rahoton da ya ce ana cin zarafin baƙaƙe a ƙarƙashinta, ba don an warware abin da suka yi ƙorafi a kai ba.

Batun launin fata da jinsi kuma, wanda shi aka fi yayatawa ranar da aka naɗa ta, ya yi mata amfani wajen samun kunnen iyalai da limaman coci a makon da ake tsoron tarzoma. A titi bai sauya komai ba, shugaba baƙa, jami'ai baƙaƙe, wanda aka kashe baƙi, a gari mai rinjayen baƙaƙe. Dabarar tsayar da mota don a laluba ita ce ta kai su ga Tyre Nichols, kuma dokar jiha ta Maris 2024 ta hana kansilolin Memphis sake taɓa ta, sai dai in shugabar rundunar ce da kanta ta ga dama ta rage. Ƙarar dala miliyan 550 kuma an yi ta ɗage ta har zuwa 2026.